Makwancin 'Yar Makaranta Rabin Karatunta

 A makon nan ina so mu yi doguwar tafiya, mu ƙetare teku zuwa Amurka, mu leƙa wata jami'a mu ga yadda a ke karatu cikinta, da inda 'yan makarantarta ke kwana. Kada wata ta ce ina ruwanmu da abin da ke can bangon duniya. Duk uwar da ta taɓa ɗaure wa 'yarta akwati, ta sa mata sabulu da man shafawa da ɗan ƙullin yaji, ta raka ta tashar mota, ta san tunanin da ke hana ta barci a daren ran nan. Yarinyar nan ina za ta kwana? Da wa za a haɗa ta ɗaki? Me za ta ci? In ta kwanta ciwo wa zai sani? Tambayoyin nan su ne iyayen can suka yi ta yi shekara fiye da 130, amsoshin da suka samu kuwa akwai abin koyi cikinsu, akwai kuma abin gudu.

Garin da makarantar

Sunan garin Shikago. Yana bakin wani tafki da a ke kira Mishigan, wanda saboda faɗinsa in kin tsaya a wannan gaɓa ba ki hangen waccan. Shi ne na uku wajen yawan jama'a a Amurka, gama a ƙidayar 2020 an sami mutum wajen miliyan 2 da dubu 700 cikinsa. Sanyinsa ya fi gaban hunturunmu nesa. Cikin watan Janairu ruwa kan daskare kamar dutse, ƙanƙara ta rufe hanya, iska mai ratsa ƙashi ta taso daga tafki. Ku riƙe zancen sanyin nan, za mu komo kansa.

Jami'ar tana wata unguwa mai suna Hyde Park, kamar mil 7 kudu da tsakiyar gari. Mai zaman kanta ce, watau ba gwamnati ta kafa ta ba. Waɗansu mutane ne suka haɗa dukiya suka gina, wata majalisar amintattu ke riƙe da ita, galibi da kuɗin makaranta da gudummawar masu hali da ribar dukiyar da aka ajiye mata a ke tafiyad da ita. An kafa ta cikin 1890. Wani attajirin man fetur, John D. Rockefeller, shi ya fara ba da dala 600,000, wani mai babban kanti kuma, Marshall Field, ya ba da fili. Ran 1 ga Oktoba 1892 aka fara karatu da ɗalibai 594. Abin da ya kamata mu lura da shi, tun ranar farko an karɓi mata tare da maza. A zamanin nan ba ƙaramin abu ba ne, don manyan jami'o'i irin su Yale da Princeton sai 1969 suka yarda mace ta shiga ajin neman digirin farko.

Ƙaura uku cikin shekara guda

Shugaban farko, William Rainey Harper, ya san karɓar mata daban, riƙonsu daban. Sai ya nemo wata fitacciyar malama, Alice Freeman Palmer, wadda ta taɓa shugabancin kwalejin mata ta Wellesley, ta zama uwar ɗalibai mata. Ita kuwa tana da gidan miji a wani gari mai nisa, 'yan makonni kaɗai ta ke iya yi a Shikago kowace shekara. Saboda haka ta zo da wata ƙawarta mai shekara 34, sunanta Marion Talbot, wadda ta yi karatu a Boston. Kan wannan mace aikin ya komo, ta kuwa riƙe shi har 1925, watau shekara 33.

Sa'ad da suka iso ba a ko gina wa mata ɗakunan kwana ba. Sai aka kama musu hayar wani gidan bene mai suna Beatrice a cikin unguwa. Ba su daɗe da sabawa da wurin ba, sai ga babban bikin baje koli na duniya na 1893, wanda aka yi dab da makarantar. Baƙi suka cika gari, ɗaki ya yi tsada, aka bukaci gidan don saukar masu kallo. Tilas 'yammata suka naɗe kayansu ana tsakiyar karatu, aka mai da su Snell, wani gini da aka yi domin maza. Sai da kaka ta 1893 suka shiga nasu gidaje guda uku, Kelly da Beecher da Foster. Na huɗu, Green, ya biyo baya cikin 1899. Ku ji abin sha'awa, dukansu mata ne masu hali suka ba da kuɗin ginawa.

Wannan shi ne darasi na farko na makarantar da ke cikin babban gari. Makarantar da ke bayan gari tana da fili, ta yi gini yadda ta ga dama. Wadda ke tsakiyar birni kuwa tana kokawar ɗaki da 'yan kasuwa da ma'aikata da baƙi, wanda ya fi kuɗi shi ke samu, 'yar makaranta kuwa ita ce mai ƙaramin aljihu.

Yadda Malama Talbot ta tsara gida

A kwalejojin mata na zamanin, abin da aka saba shi ne a jera dokoki a bango, a buga ƙararrawa a tashi, a buga a kwanta. Malama Talbot ba ta bi wannan hanya ba. A ganinta wadda ta isa shiga jami'a ta isa a ba ta amanar kanta. Sai aka mai da kowane gini ya zama gida guda mai shugabarsa, wadda makaranta ke naɗawa, da 'yan majalisa waɗanda mazauna gidan ke zaɓa daga cikinsu. Su ke shirya yawancin ƙa'idodin zamansu, su ke kuma tsare su. An gauraya manyan ɗalibai masu neman digiri na sama da sababbin shiga cikin gida ɗaya, don ƙarama ta riƙa ganin babba tana karatu ta yi koyi. Ita kanta malamar cikin gidan ta zauna, da fari a Kelly, daga baya a Green, tana cin abinci tebur ɗaya da 'yammatan. Ta kuma ƙi yarda a kawo ƙungiyoyin 'yammata irin na waɗansu jami'o'i, waɗanda ke da nasu gidaje suna zaɓen wadda su ke so su bar wadda ba su so, gama ta ga za su raba 'yar mai kuɗi da 'yar talaka.

Sa'an nan ga zancen abinci. Kafin wannan lokaci, cikin 1873, wani likita na Harvard mai suna Edward Clarke ya rubuta littafi yana cewa wai zurfin karatu yana lalata lafiyar mace. Iyaye da yawa suka gaskata, suka tsare 'ya'yansu a gida. Malama Talbot tana cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta mata masu digiri cikin 1881, ƙungiyar kuwa ta aika wa matan da suka gama kwaleji takardun tambaya a kan lafiyarsu. Mata fiye da 700 suka amsa, aka buga sakamakon cikin 1885, ba a ga wata shaidar cewa karatu ya nakasa su ba. Don haka da ta zo Shikago ta san cewa in 'yammatan nan suka rame, ba za a ce laifin tukunya ba ne, za a ce laifin littafi ne. Sai ita da wata masaniyar haɗa sinadarai, Ellen Richards, suka shiga auna abincin gidajen matan, abin da aka saya, da nauyinsa, da kuɗinsa, da amfaninsa ga jiki, suka buga abin da suka samu cikin 1894. Hausawa sun riga sun faɗa, sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Ke uwargida da ke ganin aikinki ba ilmi ba ne, ki ji wannan. Cikin 1904 aka buɗe sashe guda a jami'ar domin koyar da tafiyad da gida, Malama Talbot ce shugabarsa. Ana koyar da tsabtar ruwan sha, da magudanar ruwa, da shigar iska cikin ɗaki, da zaɓen abinci, da lissafin cefane. Abin da ki ke yi kullum tsakanin madafa da tsakar gida, shaihunan malamai sun zauna sun karanta shi.

Da 'yammata suka yi fice

Mai kwana wuri mai kyau, mai cin abinci a kan kari, ba abin da zai hana ta karatu. Cikin shekara goma na farko mata suka yawaita har suka kusa rabin masu neman digirin farko, kuma fiye da rabin waɗanda aka shigar cikin ƙungiyar girmamawa ta masu hazaƙa mata ne. Maimakon a yi murna, sai hankalin waɗansu manya ya tashi, suna tsoron kada samari su guji makarantar su ce ta mata ce. Cikin 1902 aka yanke shawara a raba ajin maza da na mata a shekaru biyu na farko. Malama Talbot da malamai da dama suka ƙi, suna ganin in an raba, ajin mata ne za a riƙa bari baya. Aka dai yi rabon, amma bai yi ƙarko ba, cikin 'yan shekaru ya mutu don kansa. Ku 'yan makaranta ku riƙe wannan. Wani lokaci ba rashin ƙoƙari ke jawo wa mace tsangwama ba, ƙoƙarin ne da kansa.

Labarin Georgiana Simpson

Yanzu ga labarin da ya fi taɓa mini rai. Cikin 1907 wata malamar makaranta baƙar fata, Georgiana Simpson, ta taso daga Washington ta zo neman digiri a harshen Jamusanci. Ba yarinya ba ce, ta haura shekara 40. An ba ta ɗaki a gidan Green. Da waɗansu 'yammata farar fata, 'yan kudancin ƙasar, suka gan ta, sai suka ce su ba su kwana gida ɗaya da baƙar mace. Malama Talbot da mataimakiyarta Sophonisba Breckinridge suka ce ba inda za ta, ɗalibar makaranta ce kamar kowa. Biyar daga cikin masu ƙorafin suka kwashe kayansu suka fita. Amma da shugaban jami'a na lokacin, Harry Pratt Judson, ya komo daga hutu, sai ya warware hukuncin, ya ce Georgiana ce za ta fita. Ta fita ta nemi masauki cikin gari.

Ku duba fa, ba a kore ta daga aji ba, ba a hana ta littafi ba. Gado kaɗai aka hana ta. Amma wadda aka hana wa gado an raba ta da teburin cin abinci inda a ke taɗin darasi, an raba ta da ƙawar da za ta tashe ta da asuba ran jarrabawa, an ɗora mata neman haya a unguwar da ba kowane mai gida ke ba baƙar fata ɗaki ba. Duk da haka ba ta fasa ba. Ta riƙa zuwa karatu lokacin hutun bazara, tana kuma karɓar darasi ta gidan waya, ga aikin koyarwa tana yi. Ta sami digirin farko cikin 1911, na biyu cikin 1920, sa'an nan cikin Yuni 1921 ta sami digirin dakta, tana da shekara wajen 55. Tana cikin baƙaƙen mata uku na farko da suka kai wannan matsayi a Amurka duka, dukansu a shekarar nan. Daga baya ta koyar a Jami'ar Howard, ta rasu cikin 1944. Cikin 2017 waɗansu 'yammata biyu 'yan makarantar suka tsaya har aka kafa siffarta ta tagulla a cikin jami'ar, shekara 110 bayan an fid da ita daga ɗakinta. Mahaƙurci mawadaci, amma da an bar ta a gidan Green da wahalar ba ta kai haka ba.

Cutar nan ba ta warke nan da nan ba. Jami'ar ta sayi gidajen haya da yawa a unguwar da ke kewaye da ita. Cikin Janairu 1962 ɗalibai suka fito da shaida cewa in baƙar fata ya je neman ɗaki a waɗansu gidajen sai a ce babu, in farar fata ya biyo bayansa sai a ce akwai. Suka je suka zauna dirshan a ƙofar ofishin shugaban jami'a, George Beadle, dare da rana wajen mako biyu, har aka yarda a kafa kwamiti a duba al'amarin. Cikin jagororinsu akwai wani saurayi mai suna Bernie Sanders, wanda daga baya ya zama sanata. Yau doka ta hana irin wannan wariya, ɗalibai kuwa na kowace launin fata suna kwana gida ɗaya.

Yadda karatun ya ke yau

Shiga wannan jami'a yanzu da wuya. Cikin 2023, daga kowane mutum 100 da suka nema, waɗanda aka ɗauka ba su wuce 5 ba. Masu neman digirin farko sun haura 7,000. An raba shekara zango huɗu, na kaka da na hunturu da na bazara da na rani, amma yawancin ɗalibai uku su ke yi su huta na huɗu. Kowane zango wajen mako goma ne har da jarrabawa, ɗaliba kuwa tana ɗaukar darasi uku ko huɗu cikinsa. Kafin ta sami digiri sai ta ci darussa 42 cikin shekara huɗu.

Abin da aka san makarantar da shi, ba a barin yarinya ta kama fanni guda tun ranar farko ta rufe ido ga sauran. Wajen kashi ɗaya cikin uku na karatun nan na kowa da kowa ne. Wadda za ta zama likita sai ta karanta littattafan masu hikima na dā, da tarihin al'ummai, da yadda zaman jama'a ke gudana. Wadda ke son adabi ita ma sai ta taɓa lissafi da kimiyyar halittu da ta sararin sama ko makamancinta. Kowa kuma sai ya koyi wani harshe bayan nasa. Yawancin azuzuwan nan ƙanana ne, ba su kai mutum ashirin ba, ana zama kewaye da tebur, malami ya jefa tambaya a kan abin da aka ce a karanto, kowa ya faɗi abin da ya fahimta. Wadda ba ta yi karatun daren jiya ba, ba ta da bayan wanda za ta ɓuya.

To, ku haɗa wannan da zancen makwanci. Zangon mako goma ba ya jiran kowa. Kafin ki gama sanin sunan malaminki jarrabawar tsakiya ta zo. Wadda ta yi mako biyu tana rigima da mai gidan haya, ko tana jinyar mura don ɗakinta ba ɗumi, ta rasa kashi ɗaya cikin biyar na zangon ke nan. Wadda ke tsoron hanya da dare ba za ta zauna laburare har a yi nisa ba, ko da ya ke laburaren nan abin kallo ne. Akwai wani da aka buɗe cikin 2011, samansa ƙubba ce ta gilashi, ƙarƙashin ƙasa kuwa rumbu ne mai iya ɗaukar littafi miliyan 3 da rabi, in kin nemi littafi ta kwamfuta wani inji ne ke ɗauko miki cikin 'yan mintoci. Amma ina amfanin rumbu ga wadda ba ta iya isa bakinsa?

Gidajen kwana na yau

Tsarin Malama Talbot bai mutu ba, ya ma game maza da mata. Yanzu akwai manyan gine-ginen kwana guda 7, an rarraba su gida gida har fiye da 40, wani gidan mutum wajen hamsin, wani ya kai ɗari. Kowane gida yana da manya masu kula da shi waɗanda ke zaune ciki, sau da yawa mata da miji ne har da 'ya'yansu. Akwai kuma ɗalibai 'yan manyan aji da ke taimakonsu, kamar yayye. A ɗakin cin abinci kowane gida yana da teburinsa, don haka baƙuwar da ta zo jiya ba ta tsayawa da faranti a hannu tana neman wurin zama. Ginin Snell, inda matan farko suka fake cikin 1893, har yanzu ana kwana cikinsa. Gidajen mata huɗu na dā kuwa an mai da su ofisoshin malamai da ɗakunan bincike. Ya kamata in gaya muku gaskiya, gidajen yanzu sun haɗa samari da 'yammata cikin gini ɗaya, abin da yawancin iyayenmu ba za su yi na'am da shi ba. Kowace ƙasa da al'adarta, ba kuwa duk abin da aka gani a kasuwa a ke saye ba.

Shekaru da yawa makarantar ta yi fama da ƙarancin ɗaki, har ta sayi tsofaffin otal-otal a cikin unguwa tana zuba ɗalibai, waɗansu da nisa, sai an hau mota ko an yi doguwar tafiya cikin ƙanƙara. Daga baya ta ga wannan ba ya yi, ta shiga gina manyan gidaje kusa da azuzuwa. An buɗe ɗaya cikin 2016 mai ɗaukar mutum wajen 800, mace ce kuwa ta zana shi, sunanta Jeanne Gang. Ta shirya shi yadda kowane gida zai ci hawa uku, da babban zaure a tsakiya inda duk mai hawa da mai sauka sai ya bi ya ga 'yan'uwansa. An buɗe wani cikin 2020 mai ɗaukar wajen 1,300. Tun daga 'yan shigar 2019 aka sa doka, kowace sabuwar ɗaliba sai ta yi shekara biyu a gidan makaranta kafin a bar ta ta kama haya.

Mai fita haya kuwa tana samun sakewa, ta dafa abin da ta ke so, wani lokaci ma in sun haɗu su uku ko huɗu kuɗin ya fi sauƙi. Amma akwai nauyi. Yarjejeniyar haya galibi ta shekara guda ce, ko ana hutu sai ta biya. Ga kuɗin wuta, ga cefane, ga wanke-wanke, ga abokiyar zama wadda in ta ƙi biyan rabonta ke za a kama. Ga kuma tsaron kai, gama babban gari ba ya rasa ɓata-gari. Saboda haka jami'ar tana da 'yan sandanta na kanta masu zaga unguwa, da motocin da ke kai ɗalibai gida da dare.

Kuɗi fa? Nan ne gizo ke saƙa. Cikin 2024, in an haɗa kuɗin karatu da na ɗaki da na abinci da littattafai, shekara guda ta kai wajen dala 90,000. Amma ba kowa ke biyan wannan duka ba. Makarantar tana duba ƙarfin iyaye ta rage, cikin 2018 ma ta sanar cewa iyalan ƙasar da abin da su ke samu a shekara bai kai dala 125,000 ba, ba za su biya kuɗin karatu ba. Ta gane cewa in kuɗi kaɗai ke buɗe ƙofa, za a cika aji da masu hali a bar masu kai a waje.

Abin da ya shafe mu

Mu ma yanzu muna da irin waɗannan makarantu. A Nijeriya cikin 1999 aka fara ba jami'o'i masu zaman kansu izini, guda uku, yau kuwa sun haura 100, akwai su a Abuja da Kano da Katsina da Yola, akwai kuma a Maraɗi ta Nijar. Iyaye suna sayar da gona da shanu da gwala-gwalai don su kai 'ya'yansu. Ke uwargida, ran da maigida ya zo da takardar makaranta mai hotunan bene masu ƙyalli, kada ki tsaya ga hoto. Gani ya kori ji. Ki roƙa a je da ke, ki shiga ɗakin da za a sa 'yarki da ƙafarki. Ki ƙirga gadaje, ki duba taga, ki murɗa famfo ki ga ko ruwa na zuwa, ki leƙa makewayi. Ki tambaya wace babbar mace ke kwana cikin gidan, ki gan ta ido da ido, ki karɓi lambar wayarta. Ki tambaya in yarinya ta kamu da zazzaɓi tsakar dare ina a ke kai ta, wa ke kai ta. Ki auna nisan ɗaki da aji da laburare, ki tambaya ko hanyar tana da fitila. Ki ɗanɗana abincin in an ba ki. Sa'an nan ki sa a rubuta muku ko ɗakin nan nata ne har ta gama, ko kuwa bayan shekara guda za a ce ta nemi haya cikin gari, don ku san abin da za ku tanada tun yanzu.

Ke kuma 'yar makaranta, ki sani gidan kwana ma aji ne. A nan za ki koyi zama da wadda ba yarenku ɗaya ba, da wadda ta fi ki, da wadda kika fi. Ki zaɓi ƙawa da lura, gama zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kada ki yi wasa da abinci da barci don ki ce kina karatu, kan da bai huta ba ba ya riƙe kome. In kuwa wata rana kika ga an taru a kan wata baƙuwa ana cewa ba za a kwana da ita ba, don garinsu ko don talaucinta ko don launinta, ki tuna da Georgiana Simpson, ki matsa mata wuri kusa da gadonki.

Sai mako mai zuwa. Ku huta lafiya.